Kundin Kakan Malam Abdussalami

A shekarar 1954, duk makarantar elemantare ta Bebeji babu malamin da ya kai Malam Abdussalami son a gan shi da takarda. Alƙalami uku yake sakawa a aljihun gaba, ɗaya ne kawai mai tawada. In zai je kasuwa sai ya ɗaure wani littafi mai kauri a bayan kekensa, ya kai shi ya dawo da shi ko buɗewa bai yi ba. Kada in ɗauki alhakinsa, mutumin ba daƙiƙi ba ne. Ya yi Midil a Kano, Turancinsa kuma har Baturen makarantu yana yabawa. Abu biyu ne suka dame shi a duniya: yana so ya zama hedimasta, yana kuma so a manta gidan da ya fito.

Gidan kuwa a Riruwai yake, can bayan dajin Falgore, gidan masu narka kuza tun kaka da kakanni. A can sunansa Lado. Ubansa ya rasu tun yana goye, da aka zo neman yaran da za a kai boko aka ɗauke shi don ba shi da mai tsaya masa. Uwarsa Turai tana nan da ranta, tana toya wa leburorin haƙar kuza ƙosai. Amma da aka turo shi aiki Bebeji sai ya sake asali. Ya ce su gidan malamai ne, kakansa Alƙali Uba ya bar littattafai cike da ɗaki. Da wannan magana ya sami auren Zuwaira, 'yar na'ibin liman. Sau biyu a shekara yakan je ganin uwarsa, ya ce wa mutane zai je kakkaɓe littattafan kaka.

Bayan an yi girbi Baturen makarantu ya zo rangadi. Da ya gama leƙa azuzuwa ya tara malamai a gindin tsamiya, ya ce hedimasta zai ajiye aiki baɗi, kuma in za a zaɓi magajinsa za a duba wanda ƙwazonsa ya wuce na allo da alli. Ya fito da wata mujalla da wata ƙungiyar masana tarihi ke bugawa a Ikko, ya ce har yau bai ga sunan malamin elemantare ko ɗaya daga wannan ƙasa a cikinta ba. Ya bar ta a kan tebur ya shiga motarsa. Malam Inuwa, wanda kowa ke sa ran shi zai gaji kujerar, ya ɗan jujjuya ta ya ajiye, don shi bawan Allah ba abin da ya iya sai koya wa yara karatu. Malam Abdussalami ya danna ta a hammata, ranar ko abincin rana bai nema ba.

A shafin ƙarshe na mujallar aka jera sharuɗɗa. Duk mai son a buga rubutunsa ya aiko da shi bugun tafireta, kwafi biyu, a fuska ɗaya ta takarda, ya bar fili a gefe don gyara. Sannan ya faɗi inda ya samo kowace magana. Wannan na ƙarshen bai dame shi ba a lokacin, don bai ma san abin da zai rubuta ba. Ya fara da tarihin ganuwar Bebeji, shafi ɗaya da rabi ya ƙare masa. Ya koma kan amfanin tsabta, ya ga wannan ko 'yan aji uku sun sani. Sati biyu yana tauna gindin alƙalami kafin ya yarda da abin da zuciyarsa ta gaya masa tun ranar farko: abu ɗaya ya sani wanda Turawa ba su sani ba, kuma a bakin uwarsa yake.

Da aka ba da hutu ya hau babbar mota zuwa Tudun Wada, ya sake wata zuwa Riruwai. Ya same ta a bakin kasko. Bayan ya durƙusa sun gaisa ya ce, "Iya, labarin narkin nan da kike ba ni ina yaro, so nake ki sake ba ni shi daga farko."

Ta ce, "Yau kuma? Ai kai kake cewa in bari, warin gawayi yake maka."

"Aikin makaranta ne."

"To, zauna. Matsa daga hanyar hayaƙi kada rigarka ta ɓaci."

Kwana uku tana faɗa yana rubutawa. Ta gaya masa yadda mata ke wanke baƙin yashi a ƙorai a bakin rafi har mai nauyin ya kwanta a ƙasa. Ta gaya masa gawayin ƙirya kaɗai ake yarda da shi, da tsawon murhun, wanda yake kai wa ubanta Maikano ƙirji, da yadda maza ke karɓar juna a kan zugazugi ba a bari iska ta yanke. Ta kwatanta masa da hannu yadda ake cusa tsinken ciyawa cikin toka mai danshi, a zare, a tsiyaya narkakkiyar dalma a ramukan ta fito sanduna sirara, a ɗaure su dami-dami fatake su ɗauka. Ta kuma ba shi labarin ranar da aka aiko aka ce kada a sake hura wutar, ubanta ya tashi ya rushe murhunsa da ƙafarsa, bai yarda wani ya rushe masa ba. Duk wannan da idonta ta gani, tana 'yar budurwa. Da ta zo nan ta manta da kasko har ƙosai ya ƙone.

Tafireta ɗaya ce a Bebeji, a ofishin hakimi take, akawu Habu ke ba Malam Abdussalami aronta in an tashi aiki. Da yatsa biyu ya buga shafi goma sha tara. Ranar farko ya sa takardar kabon a juye, kwafi na biyu ya fito a bayan na farko, ya sake daga tushe. Sati uku ya yi a kai, har Habu ya fara ɓuya in ya hango kekensa. Rubutun kuwa ya yi kyau, wannan ba a musu, don tsohuwar ta iya ba da labari shi kuma ya iya Turanci.

Sai ya zo layin ƙarshe, inda za a faɗi tushen magana. Nan ya ɗaga yatsunsa ya zauna. Ya rubuta me? Ya ce daga bakin mai ƙosai, uwarsa, 'yar masu narki? Malam Inuwa yana jin Turanci, in ya karanta da safe kafin azahar na'ibin liman ya ji. Ban da wannan ma, a ganinsa Bature ba ya girmama komai sai takarda. Saboda haka ya buga cewa ya fassaro bayanin ne daga wani tsohon kundi na Larabci, wanda kakansa Alƙali Uba ya rubuta tun kafin zuwan Turawa. Ya karanta layin sau uku, ya ji har shi ma ya fara tuna kamannin kundin. Ya liƙe ambulan, ya ba masinjan En'e ya kai gidan waya a Kano.

Bayan wata biyu amsa ta zo daga editan mujallar, wani Bature. Ya ce rubutun ya ƙayatar da su ƙwarai, suna so su buga shi a fitowa ta gaba. Abu ɗaya ya rage: kundi irin wannan ba a taɓa jin labarinsa ba, don haka a aiko da shi ta rajista masana su duba, za a mayar da shi lafiya. In ba su gan shi ba, ba za su iya bugawa ba. Malam Abdussalami ya karanta wa malamai rabin farko na wasiƙar da ƙarfi, rabin na biyu kuwa ya haɗiye shi.

Mai hankali nan zai tsaya. Shi kuwa sai ya hura tayar keke ya nufi Ƙafin Maiyaki, don a can akwai wani tsohon marubuci, Malam Baffa, wanda ya rubuta Alƙur'ani bakwai da ka, kuma garin ya yi nisa da kunnuwan Bebeji. Ya same shi a zaure a kan buzu, yana fiƙe alƙalamin kara. Suka gaisa har aka tambayi lafiyar dabbobi.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, wani labari ne na mutanen da, nake so a mayar mini da shi Larabci kada ya ɓata. A yi shi da irin hannun da, babu wasali, kamar yadda magabata ke yi."

Ya karanta masa da Hausa daga littafinsa. Malam Baffa ya rufe ido yana saurare. Da aka kai ƙarshe ya ce, "Wanda ya ba da labarin nan ya tsaya a bakin wutar. Daga wa ka karɓa?"

"Daga manya."

"Manya ai suna da suna."

Malam Abdussalami ya leƙa waje, babu kowa sai akuya. Ya sassauta murya ya ce, "Mahaifiyata ce."

"Allah ya yi mata albarka. Yaya sunanta, in sa ta cikin addu'a?"

"Turai."

"'Yar wa?"

"'Yar Maikano."

"Shi mai murhun?"

"Shi."

Tsohon ya jinjina kai ya ce, "A wannan zamani ɗan boko ya tuna da maganar uwarsa har ya nemi a rubuta ta. Ka yi abin kirki, Allah ya ba ka masu yi maka." Malam Abdussalami ya sunkuyar da kai ya ce amin. Abin haushi, har daɗin yabon ya ji.

Bayan sati uku ya koma ya karɓi warƙa goma sha biyu, rubutu baƙi siɗik, tsaf kamar an jera shuka. A warƙar ƙarshe layukan suna ta ƙanƙancewa har suka ƙare da kalma ɗaya a ƙasa. Wannan ado ya burge shi, ya ce lalle zai burge Bature. Abin da aka rubuta a wurin kuwa bai sani ba, don karatunsa na allo a izu biyu ya tsaya, in babu wasali shi da makaho ɗaya suke. Tambaya kuma ba ta taso ba. Jikan alƙali ba ya cewa a karanta masa.

Saura tsufa. Ya ɗaure warƙoƙin da zare ya rataye a rufin ɗakin girki, daidai saman murhu. Zuwaira ta ɗaga kai ta ce, "Malam, yau kuma littafi ake ƙyafewa kamar nama?" Ya ce maganin gara ne. Kwana goma hayaƙi yana dukansu har suka yi ja, suka ɗauki wari. Sannan ya sauke su ya kai bayan rumbu, ya ajiye a bakin gidan gara, ya tsuguna yana gadi kada ta wuce gefe. Zuwaira ta zo ɗiban dawa ta gan shi, ta dubi garar, ta dube shi, ta ɗebi dawarta ta koma. Ya naɗe kundin a wata tsohuwar fata ya aika ta rajista. Daga ranar ya fara zama a kujerar hedimasta in mai ita ya fita, wai yana gwada ko ƙafarta na rawa.

Amsa ta zo ana shirin shuka. Wannan karon Allah ya taimake shi, a ɗaki ya buɗe.

Editan ya ce ya gode, kuma ya nuna kundin ga wani abokin aikinsa da ya ƙware a Larabci. Abokin ya yaba hannun marubucin, ya kuma fassara musu warƙar ƙarshe. Ga abin da ta ce: an gama wannan littafi da godiyar Allah ranar Alhamis cikin watan Rajab, shekara ta 1374, a Ƙafin Maiyaki, da hannun bawa mai neman gafara Baffa, mai littafin shi ne Abdussalami malamin makarantar Bebeji, ya karɓa daga bakin mahaifiyarsa Turai 'yar Maikano mai narka kuza a Riruwai, duk wanda ya karanta ya yi musu addu'a su uku. Editan ya ƙara da cewa bisa lissafinsu kundin bai cika wata uku ba, sai dai garar Bebeji tana da himma.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya san marubuci ba ya rufe littafi sai ya faɗi sunansa, da mai littafin, da wanda aka karɓa daga gare shi, don kada addu'ar masu karatu ta ɓata hanya. Ko bara-gurbin gidan malamai ya san wannan. Jikan Alƙali Uba ne kaɗai bai sani ba.

Amma wasiƙar ba ta ƙare a nan ba, kuma sauran shi ya fi yi masa ciwo. Editan ya ce ba zai kai maganar gaban kowa ba. Ya ce tsofaffin takardu suna da su har sun rasa wurin ajiya, abin da suka daɗe suna nema shi ne mutum ɗaya mai rai da ya ga narkin da idonsa. Da tun farko an ce daga bakin wannan baiwar Allah ne, da tuni an buga. Har yanzu ma za su buga, ba za su taɓa ko kalma ɗaya ba, in ya yarda a sa a sama cewa Turai 'yar Maikano ce ta faɗa, ɗanta Abdussalami ya rubuta. Kuma suna so su turo mutum Riruwai ya zauna da ita.

Ga sunansa a mujalla an miƙo masa, ga kujerar hedimasta a bayansa, abin da ake nema kawai ya ce uwarsa uwarsa ce. Kwana huɗu yana juya maganar. Ya ga Baturen makarantu yana ɗaga mujallar a gindin tsamiya. Ya ga Malam Inuwa yana bin layin farko da yatsa. Ya ga surukinsa yana tambayarsa ina aka kwana a kan littattafan da ake zuwa kakkaɓewa. Rana ta biyar ya je wurin Habu ya ari tafireta. Ya buga cewa marubucin ya yi kuskure, tsohuwar ba mahaifiyarsa ba ce, wata ce da ta yi rainonsa. Ya ce kada a wahalar da kowa zuwa Riruwai, don ta rasu watan jiya. Ya ce a mayar masa da takardunsa. Wannan karon bai sa kabon ba, ba ya son kwafi.

A makaranta ya ce Turawan sun ga rubutun ya yi musu zurfi, sun nemi ya rage, shi kuma ya ƙi. Ba wanda ya ja maganar. Da damina ta yi nisa takarda ta zo daga Kano, aka ba Malam Inuwa hedimasta. Malam Abdussalami ya je ya yi masa murna da fuska kamar ta mai ciwon haƙori.

Wata Laraba da hantsi masinja ya kawo masa ƙunshi daga Ikko: shafinsa goma sha tara, da kundin a cikin fatarsa, da 'yar gajeriyar wasiƙa. Editan ne ke yi masa ta'aziyya. Ya ce ko ba ita ta haife shi ba, wadda ta yi raino uwa ce, kuma da rasuwarta an yi asarar abin da ba a mayarwa. Malam Abdussalami ya koma gida da azahar, ya zauna a zaure da wasiƙar a hannu, sai ya ji sallama.

Malam Inuwa ne, sabon hedimasta, ɗauke da ƙullin kaya a ka. Ya ce, "Malam, ga baƙuwa daga Riruwai. Ta zo makaranta tana neman Lado, na ce bari in kawo ta nan ko kai ne." Ya sauke ƙullin, ya durƙusa ya yi wa tsohuwar sallama, ya tafi.

Ba ta taɓa zuwa Bebeji ba. Kwana biyu ta yi a hanya a bayan motar kaya, ruwa ya dake ta a Falgore, zanenta har yanzu da laka. Ta zauna a bakin tabarma tana haki. Ta ce wata mai sayar da daddawa ce ta ji a kasuwar Tudun Wada, wai wani malami a Ƙafin Maiyaki yana ba almajiransa misali da wani ɗan boko da ya sa sunan uwarsa a littafi da Larabci, don duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a.

Ta ce, "Na ce ƙarya ne, wa ya san ni. Sai ta faɗi sunan babana. Lado, ashe aikin makarantar ke nan, ka ɓoye mini."

Ya kasa ɗaga ido. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya zo duniya.

"Ina littafin? Nuna mini wurin da sunan yake. Ko ban iya karatu ba na taɓa."

Ya warware fatar ya ba ta warƙar ƙarshe. Bai san wane layi ba ne, sai ya nuna mata tsakiya. Ta goge yatsanta a zane tukuna, sannan ta ɗora a wurin. Ta sunsuna takardar ta ce, "Har warin gidanmu take yi." Ta yi ta sa masa albarka, shi da 'ya'yansa da 'ya'yan 'ya'yansa, yana cewa amin a ciki-ciki.

Da ta gama ta hangi ɗaya takardar a hannunsa, mai bugun tafireta. Ta ce, "Wannan fa?"

"Daga wani Bature ne, wanda ya karanta labarin."

"Har Bature? Me ya ce?"

Ya dubi wasiƙar, ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa. Ya ce, "Lafiyarki yake tambaya."

Ta ce, "Ka ce masa lafiya lau, sai gwiwa. Ka kuma ce masa akwai saura da yawa da na tuna bayan tafiyarka. In yana so ya zo, ina nan."